Tsohon mijin ƙanwata yana bin ta da mota, kuma yana da bindiga

Tambaya: Ƙanwata tana zaune a Texas, a Amurka. Wata biyar ke nan da mutuwar aurenta. Sau biyu yanzu tana hango motar tsohon mijin a madubi, yana biye da ita daga wurin aiki har bakin unguwarsu. Ta san yana da bindiga a gida. Iyayenmu sun ce kishi ne kawai, ta yi haƙuri zai huce. Ni kuwa barci ya gagare ni. Me ya kamata ta yi?

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya, kuma ina roƙonki kada ki bari a lallashe ku da maganar kishi. Abu uku kika ambata: rabuwa, bibiya, bindiga. Mu da muke aiki da matan da ake cin zarafinsu, haɗuwar waɗannan ukun ce ta fi tayar mana da hankali.

A 2003 Farfesa Jacquelyn Campbell ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta sun fitar da binciken da suka yi a birane 11 na Amurka kan matan da mazajensu ko samarinsu suka kashe. Sun gano cewa idan mai cin zarafin yana da bindiga a hannu, haɗarin ya kashe matar yana ninkawa kusan sau biyar. Wani binciken na 1999 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan da aka kashe haka, an yi ta bibiyarsu cikin shekarar da ta gabaci kisan. Rabuwa ma tana ƙara haɗarin, musamman idan mijin mai son juya mace ne. Irin wannan namijin yana ganin wani abu nasa ne ya kuɓuce, kuma tunda an rufe masa ƙofar gida, titi ne ya rage masa.

Idan ta sake ganinsa a bayanta, kada ta nufi gida, kada kuma ta taka mota da niyyar tsere masa. Gudu kan jawo haɗari ko ya kai ta lungun da babu kowa. Ta kulle ƙofofi, ta ɗaga gilashi, ta kira 911, lambar kiran gaggawa ta Amurka, a lasifika, ta faɗi titin da take da kalar motarsa, ta kuma faɗa tun farko cewa yana da bindiga. Ta nufi ofishin 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana, ko wuri mai haske da jama'a. A danja, ta bar tazarar da za ta riƙa ganin tayoyin bayan motar da ke gabanta suna taɓa kwalta, don ta iya zamewa idan ya fito. Komai ya ce, kada ta sauko "su yi magana".

Ta kuma tambayi kanta yadda yake sanin inda take. A duba ƙarƙashin kujerun motarta da cikin but ko an ɓoye AirTag, wata 'yar ƙaramar na'ura mai nuna inda abu yake, ta sauya lambobin sirrin wayarta, musamman idan shi ya saya mata ita.

Sai kotu. Ta nemi umarnin kariya, wato takardar kotu da ke hana shi kusantarta. Tun 1994 dokar tarayya ta haramta riƙe bindiga ga wanda kotu ta ɗora wa irin wannan umarni bayan an ba shi damar kare kansa, kuma a Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a shari'ar wani mai suna Rahimi, wadda daga Texas ɗin ta taso, alƙalai takwas suka goyi bayan dokar, ɗaya ya ƙi. Amma takarda ba ta zuwa ta ɗauke bindiga da kanta, don haka lauyanta ya roƙi alƙali ya rubuta ƙarara cewa a miƙa ta. Kwanakin da ke biyo bayan kai masa takardar ma na taka-tsantsan ne. Gara ta kwana wani wuri da bai sani ba.

Ta rubuta rana da lokacin kowace bibiya, ta adana saƙonninsa. Layin taimako na ƙasa ga waɗanda ake cin zarafinsu a gida, 1-800-799-7233, yana aiki dare da rana kyauta, kuma suna haɗa mutum da tafinta.

Su Baba kuma, ki faɗa musu a ladabce cewa kada kowa a dangi ya ba shi sabon adireshinta ko ya shirya zaman sulhu ba da saninta ba.