Ku Tambayi Mai Gyara: Lasifikar Baba ta fara gurnani

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na gaji lasifika biyu masu akwatin katako da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tun shekarun 1970 ya saye su. Ta hagu da an ɗaga murya sai ta riƙa "fur-fur" kamar takarda na kaɗawa a iska. Ta dama kuwa tana yi, amma a dushe, kamar an lulluɓa mata bargo. Yayana ya ce in watsar in sayi sababbi, ni kuma raina bai kwanta ba. Suna gyaruwa?

Amsa: Amin, ɗan'uwa, Allah ya kai haske kabarinsa. Kada ka watsar. Amma daga yau ka daina ɗaga wa ta hagun nan murya, don kowane "fur" da kake ji ɓarna ce take ƙaruwa.

Kafin ka kwance ko dunƙule ɗaya, kashe amfilifaya ka musanya wayoyin, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. In gurnanin ya tsaya a akwatinsa, laifin lasifika ne. In ya yi ƙaura zuwa ɗayan, amfilifaya za ka tuhuma. Na sha ganin mutum ya farke lafiyayyar lasifika alhali maɓallin murya ne ya yi datti, abin da feshin wanke maɓallai da 'yar murzawa za su magance.

Ni dai zargina na kan soso. Cire ragar gaba ka dubi wufa, wato babbar da ke fitar da sauti mai kauri. Tsakanin kwalinta, wato faifan da ke motsi, da ƙarfen da ke riƙe da shi akwai zobe mai laushi. A lasifiku da yawa na wancan zamani da soso aka yi shi, kuma bayan shekara 15 zuwa 20 yakan ruɓe. Ka taɓa shi da ɗan yatsa: in ya marmashe ko ya manne maka baƙi-baƙi, ka kama ɓarawon. Na taɓa buɗe wata da a ido zoben nata lafiya lau, ina ɗora yatsa ya zube a tafin hannuna kamar toka.

Zoben nan ba ado ba ne. Shi ke tsayar da kwalin daidai, yadda naɗin siririyar wayar da ke bayansa zai yi ta kai da kawowa cikin ƙunƙuntar tazarar maganaɗisu ba tare da gogar gefe ba. Yana kuma toshe iska. Tun da mai ƙera lasifika Edgar Villchur ya fito da lasifikar AR-1 a Amurka a 1954, rufaffen akwati ya yaɗu, inda iskar da ke kulle ciki ke riƙe kwalin. Iska na samun kafa, kaurin sauti ya gudu.

Sai gwajin da ya fi muhimmanci. Baza yatsunka kewaye da tsakiyar kwalin, ka danna a hankali, daidai wa daida. In ya shiga ya fito shiru, ka yi sa'a: sabon zobe da gam ne kawai, sai haƙurin kankare tsohon gam, wanda shi ne rabin aikin. In ka ji ƙarar gogayya, ko dai kwalin ya karkace saboda rashin zobe, ko naɗin ya ƙone ya kumbura. Mitar gwajin kayan lantarki za ta taimaka. Wufa mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki) takan nuna wajen 5 zuwa 7, in kuma mitar ba ta nuna komai ba, wayar ta tsinke, sai a kai wa gwani.

Ta dama kuwa, kara kunnenka a kan twita, ƙaramar da ke sama. In shiru, kada ka yi saurin yanke mata hukunci. Da yawa cikin irin waɗannan akwatuna suna da maɓallin daidaita siririn sauti a baya, kuma tsatsa na cin cikinsa. Murza shi gaba da baya sau ashirin ko talatin kana saurare. In bai farfaɗo ba, duba kwandensa da ke ciki, a kan allon da ke raba sauti tsakanin wufa da twita. Tsofaffi kan bushe. Sauya da mai lamba ɗaya, marar kan tabbas (+) da na korau (-), kuma ka sauya a akwatunan biyu don kada ɗaya ta fi ɗaya kaifi.

Haka ma soson: ko na dama bai zube ba tukuna, sa'an na hagu ne, yi musu tare. In ka gama, taɓa batir mai bolt 1.5 a wayoyin wufa, ban da twita, jar wayar a kan tabbas (+) na batir. Kwalayen biyu su turo waje. In ɗaya ta shige ciki, alama ce ka yi kuskuren juya wayoyinta wajen haɗawa, kuma za ka rasa kaurin da ka sha wahala a kansa.