Muryar gurup ɗin masu zanen palan: yadda sunan bulok zai fito da kanshi

Salamu alaikum 'yan gurup, ina wuninku, ya zafi. Ƙanena da ka yi tambaya jiya da dare, yi mini haƙuri ban amsa ba, ina shantiye wajen unguwar Ali Dan Sofo nan Maradi, reso babu kirki. Na ji muryarka, ka ce kana palan ɗin kuran a AutoCAD, wato lojisiyel ɗin zanen palan a ordinateri, kana da bulok, wato alamar da anka zana sau ɗaya ake ta ajewa cikin palan, na priz, na ampul, na interuptair, kuma kowane sai ka zauna ka rubuta sunanshi da hannu a gefe, kana tambaya ko akwai dabarar da sunan zai riƙa fitowa da kanshi. Akwai hwa, kuma ba sabon abu ba ne, tun AutoCAD 2005 anka kawo shi, shi ne abin da ake kira field, a na faransanci champ, wato rubutun da ke ɗauko bayani da kanshi daga cikin zane. Mutanenmu ne dai ba su cika taɓa shi ba.

Bari in fara da hanya mai sauƙi don ka ga yadda abin ke aiki. Buɗe rubutu kamar kullum, amma kada ka buga komi, ka danna Ctrl da F. Taga za ta buɗe, ka shiga rukunin Objets, ka zaɓi Objet, ka danna ɗan maɓallin da ke gefe ka je ka taɓa bulok ɗin cikin zane, sai ka zaɓi Nom, ko Name in naka na turancin Ingilishi ne. Shi ke nan suna ya fito. Za ka gan shi da wani launin toka a bayanshi, kada ya dame ka, ba ya fita wurin tiraj, in kuma yana ɓata maka ido buga FIELDDISPLAY ka ba shi 0.

Amma wagga hanya ta bulok ɗaya ko biyu ce. Rubutun yana manne da wancan bulok ɗin da ka taɓa, shi kaɗai. In ka kwafi rubutun ka ajiye kusa da wani bulok, sunan na farko zai ci gaba da nunawa, in kuma ka share bulok ɗin sai ka ga #### sun jeru. Kai da kake da priz arba'in a gida ɗaya ba za ta fisshe ka ba.

Wadda nike so ka kama ita ce ta cikin bulok ɗin kanshi. Ka shiga editair ɗin bulok, wato wurin gyaran bulok, da umarnin _BEDIT. Af, in ordinateri naka faransanci yake ji, sa wannan ɗan layin ƙasa gaban umarni, zai karɓi na Ingilishi, mu nan Maradi rabinmu na faransanci gare mu rabi kuma an samo daga Kano ko Katsina, to da layin ƙasan kowa ya huta. Cikin editair ka buga _ATTDEF don yin atiribi, wato rubutun da ke manne cikin bulok, ka ba atiribi ɗin suna, misali SUNA, ka sa alama a Prédéfini don kada ya riƙa tambayarka duk sanda ka aje bulok. Kada ka sa Constant. Wurin da ake sa ƙimar farko akwai maɓallin field a gefe, danna shi, ka nemi BlockPlaceholder, yana nan cikin rukunin Objets, kuma cikin editair kaɗai ake ganinshi, shi ya sa wasu ke nema a waje su ce babu. Zaɓi Nom, ka aje atiribin ƙarƙashin alamar, ka yi sabe ka fito. Daga nan duk bulok ɗin da ka aje da sunanshi yake zuwa, ka ja shi sunan ya bi shi, ka kwafe shi sau ɗari ba ruwanka.

To waɗanda ka riga ka baza cikin palan fa? Su ba za su canza da kansu ba, sai ka buga _ATTSYNC ka zaɓi bulok ɗin, sannan _REGEN. Amma ka yi hankali, ATTSYNC na mayar da rubutu inda anka tsara shi tun asali, in ka taɓa jan wasu atiribi gefe don kada su hau bango, duk za su koma. Yi kwafin fishiye tukuna.

Mi ya sa nike nacewa kan wanga abu, wallahi ya taɓa cin kuɗina. Wani gidan bene munka zana, mai gida ya ce a ƙara kilim a ɗakuna uku, na canza bulok ɗin priz zuwa na kilim, rubutun da na buga da hannu na manta da shi yana nan yana cewa priz ta kullum. Anka yi tiraj, mai kuran shi rubutu ya karanta bai dubi alama ba, ya ja ƙaramar waya, sai da anka gama shafe muka gane. Fasa bango munka yi. Patron bai ce mini komi ba, kallona kawai ya yi, da ma zagina ya yi ya fi mini sauƙi.

Abu ɗaya kuma, tunda sunan bulok ne zai bayyana a takarda, dole ka gyara sunayenka. In bulok ɗinka sunanshi irin A$C ɗin nan mai dogayen lambobi da ke zuwa in an yi kwafe anka manna a matsayin bulok, to shi zai fito, mai kuran ya tsaya yana kallo. Buga _RENAME ka ba su gajeren suna da ma'aikaci zai gane, PC16, PC20, irin haka, sai _REGEN, duk su canza lokaci guda.

Ƙanena gwada da bulok ɗaya tukuna, in ya ƙi ka turo mini hoton ekaran ɗin nan gurup, bayan la'asar ina buro.