Tambaya da Amsa: Awa Ɗaya ta Ɗalibi, Riba ce ko Asara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a makarantar sakandare. Shugaban makarantarmu ya kawo shawarar a ware awa ɗaya kowane mako, a bar ɗalibai su yi aikin da ransu yake so, wai domin a farkar da basirarsu ta ƙirƙira. Ni kuwa ina ganin manhaja ba mu gama ta ba, ga jarrabawa tana ƙaratowa. Shin wannan ba ɓata lokaci ba ne? Daga Malama H.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Damuwarki tana kan hanya, domin idan aka saki yara haka kawai ba tare da tsari ba, hira da hayaniya ne za su cinye awar. Sai dai shawarar tana da tushe. Tun a shekarar 1948 kamfanin 3M na Amurka yake barin ma'aikatansa su yi amfani da kashi 15 cikin ɗari na lokacin aikinsu wajen bin tunanin kansu, kuma a irin wannan yanayi ne wani ma'aikacin kamfanin mai suna Art Fry ya ɗauki wani gam mara ƙarfi da abokin aikinsa Spencer Silver ya samar a 1968, ya mayar da shi takardar nan mai mannewa ta Post-it. Kamfanin Google ma ya bayyana a 2004 cewa yana ba ma'aikatansa kashi 20, kuma daga irin wannan misali malamai da dama suka kwaso dabarar zuwa aji.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, 'yancin yana wajen zaɓen abin da za a yi, amma yin aikin kansa wajibi ne. Kowane ɗalibi ya kawo tambaya ɗaya da yake son ya warware, ko abu ɗaya da yake son ya ƙera, ya rubuta abin da ya cim ma a kowane mako, sa'an nan a ƙarshen zango ya tsaya gaban 'yan ajinsa ya nuna musu, ko da aikin bai yi nasara ba. Wanda ya yi makonni yana haɗa ƙaramin injin da ya ƙi tashi, in har ya iya bayyana dalilin ƙin tashinsa, ya yi karatu da lissafi da rubutu ba tare da an tilasta masa ba, waɗannan kuwa su ne jarrabawar take nema.

Inda nake da ra'ayi mai ƙarfi shi ne batun maki: kada a sa shi. A wani bincike da Mark Lepper da abokan aikinsa suka wallafa a 1973, an yi wa wasu yara masu son zane alkawarin takardar yabo idan suka yi zane, daga baya sai aka ga sun rage yin zanen don kansu, alhali waɗanda ba a yi wa alkawari ba sha'awarsu ba ta ragu ba. Da zarar maki ya shigo, ɗalibi zai koma tunanin abin da zai burge malama.

Za ki haɗu da wanda zai ce ba shi da sha'awar komai; yawanci ba a taɓa tambayarsa ba ne, don haka a ba shi makonnin farko ya zagaya ya ga ayyukan 'yan uwansa. Ajin da ke dab da jarrabawar fita kuwa, ki nemi shugaba ya ɗage masa, a fara da ƙananan azuzuwa na tsawon zango ɗaya a gani.