Antibairos na sata ko na biya: wanne ya dace da ɗan kasuwa?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Lissafin shago da sunayen waɗanda nake bi bashi duk suna cikin kwamfutar gida, kuma yara na buga wasa a kanta da dare. Wani mai gyara ya ce zai sa mini antibairos (manhajar kare kwamfuta daga cuta) na sata a kuɗi kaɗan, na kamfani kuwa duk shekara sai an biya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, na satar nan ka bar shi inda ka gan shi. Wanda ya fasa manhajar shi kaɗai ya san abin da ya cusa a cikinta, ka ga kenan ka ɗauki ɓarawo gadin shago. Kuma yawanci ba ta karɓar sabuntawa, alhali kullum sai an ƙirƙiro sababbin ƙwayoyin cutar kwamfuta. Araha ba ta ado.

Na biyan ma ba dole ba ne. Idan Windows 11 kake amfani da shi, akwai antibairos mai suna Microsoft Defender a ciki kyauta, kuma ya ishi mai shago irinka muddin kana barin kwamfutar ta sabunta kanta. Na san ana jin zafin datar da hakan ke ci, ni ma ina ji. Amma ka tuna cutar kwamfuta mai suna WannaCry a watan Mayun 2017: ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da maganin wannan kafar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. In kuwa Windows 10 ne, tun Oktoban 2025 aka daina tallafa masa yadda aka saba, sai ka fara shirin sauyawa.

Inda nake so kuɗinka ya tafi shi ne ajiya ta biyu. Sayi hadis ɗin waje (hard disk, ma'ajiyar fayil da ake jonawa da kwamfuta), duk ranar Juma'a ka kwafe lissafin a kai, sannan ka zare shi ka kulle a durowa. In ka bar shi a jone, cutar da ke kulle fayil ta nemi kuɗin fansa za ta haɗa har da shi. Sayen sabuwar kwamfuta mai sauƙi ne, amma wa zai tuna maka cewa mutumin Damagaram ya ɗauki turmi arba'in bai biya ba?

Sai filashi. Ka kai shi shagon buga takardu, ka dawo ka tarar foldojinka sun koma 'yan hotuna masu kibiya a gindi: kada ka danna ko ɗaya, sa Defender ya bincike shi tukuna.

Yara kuma ka buɗe musu nasu asusun a kwamfutar, wanda ba shi da ikon saka manhaja. Wasannin kyauta da suke saukewa ta nan ɓarna ta fi shigowa, kuma a wannan kwamfutar kake shiga asusunka na banki.