Kafin ka taɓa akwatin wasiƙun Alhaji

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar, ina tashar Ngaundere ina jiran kayan da jirgin ƙasa ya ɗauko mana. Ka ce Alhajin nan mai fiton kaya tsakanin Duwala da Njamena ya aiko da kwamfutar ofishinsa, Windows XP ce a kanta, imel ya daina shiga, ka sauke sabon Thunderbird, manhajar karanta imel, ka danna, injin ya ce maka fayil ɗin ba na Win32 ba ne. Tambayarka ita ce: ka nemo wanda aka yi wa dabara har ya yarda ya hau, ko kuwa ka yi fomatin kowa ya huta?

Ko ɗaya kada ka yi. Ajiye linzamin nan tukuna.

Alhaji bai aiko injin don yana sha'awar sabuwar manhaja ba. Abin da ke ransa wasiƙun da ke ciki ne: takardun kwastan, lissafin direbobi, alkawuran da ya ƙulla da mutanen tashar jirgin ruwa shekara da shekaru. Saboda haka abin da za ka fara bincika shi ne inda wasiƙun suke kwance. Hanya biyu ce manhajar imel ke ɗebo saƙo. IMAP tana barin komai a sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da akwatin, kwamfuta leƙe kawai take yi. POP kuwa kwasowa take yi ta zuba a faifan kwamfuta, kuma Outlook Express, wanda XP ke zuwa da shi, in ba a gaya masa ya bar kwafi a can ba, sharewa yake sa a yi. In akwatin na Gmail ne, sau da yawa Google na riƙe nasa kwafin, amma in na wani ƙaramin kamfani ne mai sayar da adireshi, to ta yiwu duk duniya babu wasiƙun nan sai a cikin tsohon faifan da ke gabanka, wanda ya sha ƙurar hunturu da zafin Garwa fiye da shekara goma. Ka karɓi wayar yaron Alhaji ku shiga akwatin ta intanet ku duba. In kun ga wasiƙun bara da na bara waccan, alhamdu lillahi. In kun tarar da na makon nan kaɗai, ka san ƙwai kake riƙe da shi.

Ni na taɓa fasa irin wannan ƙwan. Ina sabon buɗe shago wani ɗan kasuwa ya kawo mini injinsa ya ce ya yi nauyi. Na kwashe masa hotuna da takardun Word, na yi fomatin, na ɗora komai fes. Washegari ya dawo yana tambayar wasiƙun shekara shida. Ban ma san a wace folda suke zama ba a lokacin. Bai zage ni ba, ya dai ce Allah ya kyauta, ya ɗauki injinsa. Bai sake tako shagona ba, kuma ban ga laifinsa ba.

To ka kwafe tun kafin komai. A Outlook Express na Faransanci ka shiga Outils, sai Options, sai Maintenance, ka danna Dossier de stockage, zai nuna maka hanyar foldar. A ciki za ka ga fayiloli masu ƙarewa da dbx, kowane akwati da nasa. Ka rufe manhajar sannan ka kwafe foldar gaba ɗaya. Littafin adireshi daban yake, fayil ne mai ƙarewa da wab, yara da yawa kan manta da shi. In kuma tsohon Thunderbird ka tarar, ka rubuta %APPDATA% a Exécuter, ka ɗauke foldar Thunderbird ɗungurungum. Wasiƙu da adireshi da saituna duk suna ciki. Mai Outlook na Office kuwa nasa pst ne. Kwafi biyu nake so, ɗaya a filashi, ɗaya a faifan shago, kuma ka binciki filashin da maganin bairos kafin ka soka shi a kwamfutarmu, don ban taɓa ganin XP ta ofis da ba ta kiwon wani abu a ciki ba.

Ka duba girman fayilolin dbx ɗin kana kwafa. Kowannensu ba ya wuce giga 2. In ya kai nan sai ya lalace, saƙo ya daina shiga ko akwatin ya bayyana wayam. Wani lokaci ciwon ke nan gaba ɗaya, mu kuma muna can muna zargin intanet. Sannan in manhajar ta tambaye ka ko ta matse akwatuna, ka ce a'a har sai ka gama kwafi kuma injin yana kan ondula, batirin da ke riƙe shi in wuta ta ɗauke. Wuta ta ɗauke tana tsakiyar matsewa, wasiƙun sun tafi ke nan. Ka san halin wutarmu a watan Maris da Afrilu, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya.

Bayan wannan, dubi agogon injin. Na san za ka yi dariya, amma ka duba. Batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, in ya mutu sai kwamfuta ta farka tana ganin shekarar da aka ƙera ta ake ciki. Takardar shaidar da sabar ke nunawa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Injin da ke zaune a 2005 zai ce takardar bana ta jabu ce, ya ƙi gaisawa da ita. Sau nawa na karɓi kuɗin batiri kaɗai a aikin da mai shi ya zo da shirin sayen sabuwar kwamfuta.

Yanzu ga dalilin da sabon Thunderbird ya ƙi hawa. Microsoft ta saki XP a 2001, ta janye hannunta daga gare ta ranar 8 ga Afrilu 2014. Masu rubuta manhaja sun ɗan ci gaba da lallaɓa ta, daga baya su ma suka bari. Sabuwar manhaja tana kiran wasu ayyuka a cikin Windows waɗanda XP ba ta da su sam, kamar ka shiga kasuwa kana kiran sunan mutumin da ba a haifa ba tukuna. Kowace tsohuwar Windows tana da rufin da ba a wucewa. Ga XP da Vista, Thunderbird 52.9.1 na 2018 shi ne na ƙarshe. Ga Windows 7 da 8 da 8.1, jerin 115 ne, wanda ya fito a 2023. Daga 128 sai Windows 10 zuwa sama. Haka abin yake ga manhajar shiga intanet: Chrome ya tsaya a 49 kan XP, ya tsaya a 109 kan Windows 7, Firefox kuma 52.9 da 115. Rubuta lambobin nan a bangon shago kusa da kalanda, don za a sake tambayar ka.

Wanda ka ce an yi masa dabara ya hau XP, ban yarda ba. Akwai masu yin wannan aiki tsakani da Allah, amma kai ba ka da yadda za ka bambanta nasu da na ɓarawo, kuma wannan manhaja ce da za a miƙa wa kalmar sirrin ɗan kasuwa. Mozilla na ajiye duk tsofaffin fitowarta a archive.mozilla.org, ka bi pub, thunderbird, releases, 52.9.1, win32, sannan fr tunda da Faransanci yaran ofishin ke aiki. Daga can kaɗai za ka ɗauko. Ka tabbata XP ɗin tana da Service Pack 3 kafin ka ɗora.

Me ya sa nake tura ka ga Thunderbird na 2018 alhali shi ma tsoho ne? Da tsohuwar zuma ake magani, amma akwai dalili na aiki. Tsakanin kwamfuta da sabar akwai kulle da ake kira TLS. Outlook Express ba shi da nasa, na Windows yake ara, na XP kuwa ya tsaya a TLS 1.0, wanda sabar da yawa suka daina karɓa. Jerin takardun shaidar da XP ta sani shi ma ya tsufa. Wata babba daga cikinsu ta ƙare ranar 30 ga Satumba 2021, shafuka da yawa suka rufe wa tsofaffin injuna ƙofa a rana ɗaya. Thunderbird da kayan kullensa yake tafe, da jerin takardunsa, kuma ya iya TLS 1.2. Shi ya sa yakan shiga inda ɗan gida ya kasa. Ga shi kuma wannan fitowar tana da Importer a ƙarƙashin Outils, tana iya kwaso wasiƙu da adireshi kai tsaye daga Outlook Express. In ta gama, ka ƙirga: akwati nawa ne a tsohon, nawa ne a sabon, saƙo nawa ne a kowanne. Ka buɗe 'yan tsofaffi masu ɗauke da takarda ka ga suna buɗuwa.

Sauran kalmar sirri. In Gmail ne, tun 30 ga Mayu 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirri ta yau da kullum daga irin waɗannan manhajoji, shi ya sa za ka ga injin yana ta tambaya, kana rubuta daidai yana cewa ba daidai ba. Maganin shi ne a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a wayar Alhaji, a fitar da kalmar sirri ta manhaja, haruffa 16, a sa ta a Thunderbird. Shigowa imap.gmail.com a ƙofa 993, fita smtp.gmail.com a 465. Alhaji ko yaronsa ne zai rubuta kalmarsa da hannunsa, kai ka kau da kai. Ba na son ranar da wani abu zai ɓace a ce yaron shagona ya san ta. Ka kula da allon rubutu ma, in Windows na ganin na Ingilishi ne alhali AZERTY ne a teburin, a zai fita q, ku kwana kuna zargin Google. In kuma akwatin na Hotmail ko Outlook.com ne, Microsoft ta rufe tsohuwar hanyar shiga ranar 16 ga Satumba 2024, kada ka ɓata yininka a XP, ka sa masa a waya.

Idan IMAP ta kama, ga aikin da ya fi duk sauran amfani: ka ja tsofaffin wasiƙun daga akwatunan cikin injin ka zuba su a akwatin Gmail, su hau sabar. Giga 15 Google ke bayarwa kyauta, ya ishi yawancin 'yan kasuwarmu. Kwafa za ka yi, kada ka matsar, kuma kaɗan-kaɗan, shekara ɗaya a zama ɗaya, don akwai iyakar abin da yake karɓa a yini, ga kuma kuɗin data. Da dare layi ya fi sauƙi. Ranar da wannan ya kammala, faifan ya mutu in ya ga dama, Alhaji zai buɗe wayarsa a Kusseri ya ga takardar 2012.

Sai maganar da za ka gaya masa, wadda ita ce mai wuya ga yaro a gaban babba. Abin da muka yi ɗinki ne a tsohuwar riga. Thunderbird 52 bai ƙara samun gyaran tsaro ba tun 2018, XP kuwa tun 2014, in ka cire 'yan facin gaggawa irin wanda Microsoft ta fitar a Mayun 2017 da bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama. Imel kuma ita ce ƙofar da ɓarayi suka fi bi, musamman ga mai fiton kaya da kullum ake aiko masa takardun biya daga mutanen da bai taɓa gani ba. Ka faɗa masa da ladabi, ka ce maigidana ya ce injin zai yi aiki yau, amma ba mu ɗauki alkawarin baɗi ba, don ranar da sabar ta ƙara ɗaga kullenta babu abin da za mu iya. Na san amsarsa: manhajar lissafinsa ba ta tashi sai a XP. To a bar masa XP ɗin ta yi lissafi, a zare mata wayar intanet, imel ya koma waya ko wani injin. Wannan shawarar ba ta cin ko dala.

In ya yarda a taɓa injin, ka buɗe ka gaya mini abin da ke ciki. Core 2 Duo mai ram giga 4, in aka sa masa faifan SSD mai sauri, zai ɗauki Linux Mint na Xfce a madadin Windows, da Thunderbird na yau, kuma foldar nan da ka kwafe za ta bi shi can. Pentium 4 mai giga 1 kuwa kada ka wahalar da kanka. Kada kuma ka ce za ka kai shi Windows 7 ka ce ka yi gyara, ita ma an sallame ta tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ta bi sahu ranar 14 ga Oktoba 2025. In sayen na hannu zai yi, a nemi wanda zai ɗauki Windows 11, wato Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. Masu kawo kaya suna ta sauke mana waɗanda ba su kai ba da araha, don can an gama da su.

Wani abu da na kusa mantawa: in wata rana ka buɗe foldar wasiƙun nan da sabon Thunderbird a wani injin, kada ka mai da ita kan tsohon. Sabon yana sauya tsarin wasu fayiloli, littafin adireshi na cikinsu, tsohon ba zai gane su ba. Kwafin farko ya zauna yadda yake, ka rubuta masa kwanan wata, kada kowa ya taɓa.

Kuɗin aiki kada ka yanka, ka ce sai na dawo. Gobe in Allah ya kai mu zan shigo motar safe, ina sa ran isowa Garwa kafin la'asar. Kafin nan ka hure ƙurar fankar injin, ka canza batirin, ka gama kwafi biyun, ka aiko mini hoton girman fayilolin dbx ɗin in gani. Ka gaida mutanen layi.