Ciwon gabanin al'ada, ajiye salla da tsoron haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 21, wata 4 da aurena. Kusan mako guda kafin al'adata nakan yi fama da ciwon mara da na baya, in yi ta fushi da kuka ba dalili, sai in ajiye salla don na ɗauka al'adar ta fara. Kuma tun da na ga wahalar da yayata ta sha a naƙuda nake jin in na yi ciki mutuwa zan yi. Na fara shan ƙwayar hana ɗaukar ciki, mijina bai sani ba. Wata malama ta ce kisan 'ya'ya nake yi, kuma imanina ya yi rauni.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya ba ki lafiya.

Ciwo ba haila ba ne, jini ne haila. Ki lissafa sallolin da kika bari a kwanakin ciwon iya ƙoƙarinki ki rama su, kuma in tsayuwa ta gagara ki yi a zaune. Idan kuwa kin ga ruwa mai fatsi-fatsi ko ƙasa-ƙasa, mashhurin zancen Malikiyya shi ne haila ce. Fushin da kukan kuma suna biyo canjin sinadaran jiki ne bayan fitar ƙwai, sukan lafa da zuwan jini. Ki riƙa rubuta abin da kike ji kullum na tsawon al'ada biyu ki kai wa likita. In har baƙin cikin ya kai ki ga tunanin cutar da kanki, kada ki jira wata biyun.

Maganar malamarki, Allah ya saka mata da niyyarta, ba daidai ba ce. Ayar da ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci tana magana ne kan ɗa da ya samu. Wanda bai shiga ciki ba, ta yaya za a kashe shi? Masu haramtawa, irin su Ibn Hazm, sun riƙi hadisin Judama da ke cikin Muslim, inda aka kira azalu, wato zubar da maniyyi a waje, "ɓoyayyen bisnewa da rai". Amma Jabir ya ce suna yin azalu Alƙur'ani yana sauka, kuma labari ya kai ga Annabi (SAW) bai hana ba. A ruwayar Abu Dawud, da aka gaya masa Yahudu na cewa azalu ƙaramin bisnewa ne, ya ƙaryata su, ya ce in Allah ya so halittar ɗan ba mai iya kawar da shi. Shi ya sa Nawawi ya ɗauki hadisin Judama a kan karhanci kawai. Imam Gazali ma a Ihya'u ya ambaci tsoron hatsarin naƙuda ga rayuwar mace cikin dalilan da ba a hana ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta jinkirta ciki na ɗan lokaci da yardar ma'aurata, ta hana kashe haihuwa gaba ɗaya sai da larura.

Tsoron ma ba raunin imani ba ne. Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, kuma Allah bai zarge ta ba, lallashi ya aiko mata.

Abin da ya ɓata al'amarinki kalma ɗaya ce a tambayarki: "bai sani ba". Imam Malik ya ce a Muwaɗɗa miji ba ya yin azalu sai da izinin matarsa, domin haihuwa haƙƙin ku biyu ce. Yadda ba shi da ikon hana ki ɗa a ɓoye, ke ma haka. Ki nemi gafarar Allah, ki zaunar da shi lokacin da jikinki ya lafa, ba cikin kwanakin nan na fushi ba, ki gaya masa abin da kika gani a wajen yayarki. Shi ma ina yi masa nasiha da kada ya mayar da tsoronki abin gori. In kun yarda da jinkiri, ku sa masa lokaci, kuma likita ya zaɓa miki maganin, don wasu ƙwayoyin ba sa dacewa da mai hawan jini ko mai wani nau'in ciwon ɓarin kai.

Ki yi amfani da jinkirin wajen neman maganin tsoron kansa. Likitoci sun san shi, kuma zama da ungozoma ko likitan ƙwaƙwalwa yana rage shi ƙwarai. Ki tambaye su dalilin doguwar naƙuda da yadda awon ciki ke gano matsala da wuri. Allurar rage zafin naƙuda halas ce, tiyata ma haka idan likita ya ga buƙatarta. Ki daina sauraron masu ba da labarin haihuwa don su tsorata amare.

Wallahu a'alam.