Makarar da ba ma karɓar kuɗinta

Ɗazu da mutanen ƙauyen can suka tafi na ga fuskarka ta canja. Ka ce mini, "Maigida, kwana 3 muna kan makarar nan, katakonmu, ƙusarmu, ga gadon amarya yana jira, me ya sa ka mayar musu da kuɗinsu?" Tambayarka ba laifi ba ce, ɗana. Ni ma na yi ta ina kamar shekarunka. Ajiye zarton nan ka zauna.

Ba ni na fara wannan ba. Gado na yi daga wanda ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, wanda duk garin nan ke kira Baba Soja. Ka gan shi kana ƙarami, tsohon nan da ke zama a benci ƙofar shago da carbi a hannu.

Yana saurayi aka ɗauke shi soja, zamanin yaƙin Hitila. A 1943 aka zuba su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, daga can aka shiga da su ƙasar Bama. Yana cikin runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda suka gwabza da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944. Ba ya son labarin harbi. Idan yara suka dame shi sai ya ba su labarin dajin: ƙurmi ne da babu hanyar mota sai wadda suka sara da adda, abinci ma daga jirgin sama ake jefo musu. Wanda ya ji rauni, gora biyu ake sarewa a ɗaura bargo a tsakani a ɗauke shi.

Sau ɗaya tak ya ba ni labarin abokinsa, wani mutumin ƙasar Haɗejiya, kuma muna aikin makara ne ranar. Ya ce sun ɗauko shi a kan gora, rai ya yi halinsa a hanya, suka ci gaba da tafiya suna neman inda za su binne shi. A kan gangara gorar ta tsage, gawar ta faɗi cikin laka. A bargonsa suka nannaɗe shi, suka yi masa salla a gurguje. Baba ya ce a wurin ya yi wa Allah alkawari, in ya koma gida da ransa, ba za a ƙara kai Musulmi makwancinsa a kan abin da ke rawa ba matuƙar yana kusa, kuma ko anini ba zai karɓa ba. Da ya gama faɗa ya daɗe bai ɗago kai ba.

A 1946 ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Ringim da akwatin ƙarfe da kafintancin da ya koyo a soja. Da shi ya yi aure, ya ciyar da 'ya'yansa, ya haɗa da marayun ƙaninsa, har ba ka iya gane ɗan ciki da ɗan riƙo. Lokacin farin 1973 kekensa ya sayar ya auno gero. A shekarar ma an kawo masa kuɗin makara, gidansa na cikin matsi, ya mayar. Uwargidansa ce ta gaya mini wannan, kuma ta ce ita ma da ya karɓa da ranta ya ɓaci.

Batun kwana 3 kuwa, dubi abin da makara take yi. Ba mutum 4 kaɗai ke ɗaukarta ba, daga gida zuwa maƙabarta kafaɗu ne ke karɓa suna saki, tsoho da yaro, dogo da gajere. Don haka katakon ya zama busasshe ƙarau, mara nauyi, ɗanye murɗewa yake yi in ya sha rana. Mahaɗin kuma sai an sassaƙe shi ya shiga cikin ɗan'uwansa daram, kada ka dogara da ƙusa kaɗai, domin makarar da ke kuka a kafaɗa tana ƙara wa 'yan'uwan mamaci zafin rai. Kan kowace ƙusa ka nutsar da shi, kada ya kama likkafani. Baƙin man da muke shafa wa katakon rufi saboda gara, nan haramun ne a wurinmu, yana ɓata farin ƙyalle. Sai dai ka gaya wa ladan su rataye ta, kada ta taɓa ƙasa.

Ya haura shekara 90 kafin Allah ya karɓi abinsa. A makarar da ya haɗa da hannunsa muka kai shi, 'ya'ya da jikoki suna ta karɓeɓeniya, ni ma na sa kafaɗa. Ko motsi ba ta yi ba.

Tashi ka ɗauki samfefa ka ƙarasa goge mariƙin baya na hagu, na shafa na ji yana da kaushi. Gobe bayan asuba za su turo amalanke.